Tambayoyi da amsoshi kan lambar shaida: yadda ake gano ta hannun wa kwafin sata ya fita

Tambayoyin nan sun fi fitowa daga bakin masu sayar da aikinsu ta waya a nan Sakkwato: marubuta masu sayar da littafi a WhatsApp da Telegram, malamai masu ɗaukar darasi a bidiyo, sha'irai da mawaƙa, da masu shirya fim. Kukansu iri ɗaya ne. Mutum ya yi wata da watanni yana aiki, ya sayar wa mutum 40, kafin Juma'a ta zagayo abin yana yawo kyauta daga Mabera har Illela, ya tsallaka Ƙonni. Daga nan sai a hau zargin juna a guruf babu hujja. Masana lissafi da kwamfuta sun fi shekara 40 suna nazarin wannan matsala, kuma akwai abin da ƙaramin mai sayarwa zai ƙaru da shi daga aikinsu, matuƙar ya san inda dabarar take da ƙarfi da inda take da rauni.

Malam, wace irin lamba ce ake cewa ana ɓoyewa a cikin kwafi?

Lamba ce da ake dasawa a jikin aikin kansa, kowane mai saye da tasa. Kwafin da aka tura wa wata Hajiya a Gawon Nama da wanda aka tura wa ɗalibi a jami'ar Ɗanfodiyo ɗaya suke a ido, ɗaya a kunne, amma akwai ƙananan gurabe da suka bambanta. Mai aikin yana da rajistar da ya rubuta wa ya karɓi wane kwafi. Ranar da na sata ya bayyana, sai a karanta waɗannan gurabe, a duba rajista.

Bahaushe ya daɗe da sanin tushen abin. Dattijon da ke zargin ana fitar da maganar gidansa yakan ba mutum uku labari ɗaya da ɗan bambanci: ya ce wa wannan Talata za a kai kuɗin aure, wancan Laraba, na ukun Alhamis. Wadda duk ya ji a bakin maƙwabta, ya san ƙofar da maganar ta bi. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne yawa. In kana da gurabe 10, kowanne yana iya zuwa da fuska biyu, za ka fitar da kwafi 1,024 da babu biyu masu kama da juna. In gurabe 20 ne, 1,048,576.

Wani masani a Amurka, Neal Wagner, ya tsara batun a rubuce tun 1983. A 1994 kuma wasu masana uku na Isra'ila, Benny Chor da Amos Fiat da Moni Naor, suka fitar da hanyar gano mai biyan kuɗin kallon tashar talabijin da ya sayar wa ɓarayi mabuɗinsa na sirri da ke buɗe tashar. A sani tun yanzu: lambar ba ta hana kwafa. Aikinta yana farawa ne bayan an yi ɓarnar.

Ba ita ce YouTube ke amfani da ita wajen kama waƙar da aka ɗora ba izini ba?

A'a, wannan dabam. Tsarin Content ID da YouTube ya fara a 2007 yana gane aikin ne, ya ce wannan waƙar wane ce, ko da wa ya ɗora ta. Ba ya faɗin daga wayar wa ta fito. Lambar da muke magana a kai ita ke amsa wannan tambaya ta biyu.

Ni littafi nake sayarwa a WhatsApp, kullum ina sakin shafi. Yaya zan saka wannan shaida?

Malama, kafin komai akwai abin da yake rusa aikin tun daga tushe. In a guruf ɗaya kike sakin shafi ga duk waɗanda suka biya, to kwafi ɗaya kowa ya samu, kuma babu wani masani a duniya da zai iya gaya miki wadda ta fitar. Dole kwafi ya bambanta kafin a yi maganar bin sawu.

Hanyoyin bambantawa uku ne. Ta farko a bayyane take: ki buga wata lamba a kowane shafi na PDF, mai saye tana gani. Tana da amfani don tana sa mutum ya yi tunani sau biyu, amma yanke ta ba wuya. Ta biyu ita ce ɓoye haruffan da ba sa bayyana a allo. Wannan tana bin rubutu in an kwafe shi an liƙa, amma da zarar an ɗauki hoton allo ko an sake buga rubutun da hannu, ta tafi.

Ta uku ita na fi amincewa da ita ga marubuci, wato sauya kalma da 'yar'uwarta. A wani kwafi "nan take ta miƙe", a wani "nan da nan ta miƙe". Nan "ya yi shiru", can "ya yi tsit". Nan "da asuba", can "da asubahi". Mai karatu ba za ta ji komai ya canza ba, labari yana nan yadda yake, amma shaidar tana cikin maganar kanta. Hoton allo ba ya goge ta, sake bugawa ba ya goge ta, ko karanta littafin aka yi da murya aka ɗora a YouTube za ki ji ta da kunnenki. Sai dai kada a kusanci aya ko hadisi ko maganar da aka ciro daga wani malami da wannan dabara, haka ma adadin magani ko lissafin gado. A nemi gurabe a cikin zancen marubucin kansa.

Da yake shafi-shafi kike saki, kina da wata dama da mai sayar da cikakken littafi ba shi da ita. A ce masu saye 64 ne. Yau ki raba su gida biyu, kowane gida da irin kwafinsa. Wanda ya fita waje ya nuna miki gidan da matsalar take, saura mutum 32. Gobe ki sake raba waɗannan biyu, saura 16. A saki na shida kin iso kan mutum ɗaya. Amos Fiat da Tamir Tassa sun yi nazarin irin wannan bin sawu mai tafiya mataki-mataki a 1999. Lissafin yana tafiya daidai ne in mai fitarwa ɗaya ce kuma kullum tana fitarwa. In sun fi ɗaya, zai ɗauki lokaci fiye da haka.

To in mutum biyu ko uku suka haɗa baki, suka gwada kwafinsu, ba za su gano guraben ba?

Za su gano, kuma a nan ne ainihin ilimin yake. Duk wahalar da masana suka sha a wannan fanni kan haɗin baki ce.

Bari mu ɗauki gurabe huɗu kacal, mu kira fuska ta farko 0, ta biyu 1. Mai saye na farko lambarsa 0011, na biyu 0101, na uku 0111. Na farko da na biyu suka zauna suka jera kwafinsu. A gurbin farko da na ƙarshe ba su ga komai ba, don iri ɗaya aka ba su. A gurbi na biyu da na uku sun ga bambanci. Sai suka ɗauki gurbi na biyu daga kwafin wannan, na uku daga kwafin wancan, suka haɗa sabon kwafi. Lambar da ta fito ita ce 0111. Ta na uku ce, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ɓarayi sun tsira, an ɗora wa mai gaskiya. Wannan shi ne haɗarin lamba gajera da aka jera ba tsari, kuma shi ya sa nake jin tsoro in na ga mutum ya ƙirƙiri tasa da ka ya fara nuna yatsa.

A 1995 Dan Boneh da James Shaw suka ɗora nazarin a kan ƙa'ida ɗaya: masu haɗin baki suna iya sauya gurbin da suka ga bambanci a tsakaninsu, amma gurbin da dukansu aka ba su iri ɗaya ba su san yana nan ba, don haka zai wuce yadda yake. Suka kuma tabbatar da wani abu mai nauyi. Ko mutum biyu ne kawai suka haɗa baki, babu tsarin lambobi da zai nuna mai laifi ba tare da yiwuwar kuskure ko kaɗan ba. Abin da ake iya yi shi ne a raba lambobin ta hanyar ƙuri'a ta sirri, a tsawaita su, har yiwuwar kuskuren ta zama ƙanƙanuwa ƙwarai. Tsarinsu ya yi aiki amma ya yi tsawo da yawa.

A 2003 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, Gabor Tardos, ya kawo tsarin da har yau ake gini a kansa. A kowane gurbi mai aikin yana zaɓen wani kaso a asirce: a wannan gurbi yawancin masu saye 1 za su samu, a wancan kaɗan ne za su samu 1, a wani kusan rabi da rabi. Sai kwamfuta ta jefa wa kowane mai saye ƙuri'a bisa wannan kaso. In kwafin sata ya zo hannu, ana bin masu saye ɗaya bayan ɗaya ana ba su maki. Inda alamar mutum ta dace da ta kwafin sata a ƙara masa, inda ta saɓa a rage, kuma dacewa a kan alamar da mutane kaɗan ke da ita ta fi nauyi. Wanda ba shi da hannu, ƙari da ragi suna cinye juna, makinsa ya tsaya kusa da sifili. Masu haɗin baki kuwa duk yadda suka cakuɗa, daga kwafinsu suke ɗiba, don haka makinsu a dunƙule hawa yake yi, har aƙalla ɗayansu ya ƙetare iyakar da aka sa. Aƙalla ɗaya ake alƙawarin kamawa, ba duka ba.

Gurabe nawa ake buƙata ke nan?

Ya danganta da yawan masu haɗin bakin da kake tsoro. A tsarin Tardos tsawon lamba yana tafiya da adadinsu in an ninka shi da kansa. In suka ninka biyu, tsawon ya ninka huɗu, kuma Tardos ya nuna cewa babu tsarin da zai kuɓuta daga wannan. A lissafinsa na farko, in kana so ka jure wa mutum 5, kuma yiwuwar zargin wani mai gaskiya ta zama ɗaya cikin miliyan, kana buƙatar gurabe kusan 35,000. Ga mutum 10, kusan 140,000. Masu binciken da suka biyo baya sun rage wannan adadi sosai, a lissafi har fiye da ninki goma, amma har yanzu dubbai ake magana.

Ma'anar wannan ga marubuciya mai gurabe 15 a littafinta ita ce, shaidarta tana da ƙarfi a kan mai turawa kai tsaye ba tare da ta taɓa komai ba, kuma yawancin masu fitarwa haka suke. Ba ta da ƙarfi a kan masu zama su gwada kwafi.

Bidiyo da sauti fa? Ai WhatsApp yana matse su, Xender yana yawo da su.

Xender da memori ba sa sauya fayil, yadda ya shiga haka yake fita, da shaidarsa. Matsewa ce ke cin alama mai rauni, haka yanke gefen hoto da ɗaukar allo da wata waya. Sunan da aka rubuta a bayanan fayil kuwa ko yaro yana iya goge shi. Alamar da ke jurewa ita ce wadda aka baza a cikin hoton ko sautin gaba ɗaya, 'yar kaɗan a ko'ina ta yadda ido da kunne ba sa kamawa amma manhaja tana iya tattaro ta. Ingemar Cox da abokan aikinsa sun bayyana wannan hanya a 1997.

Kamfanonin da ke nuna fim da ƙwallo ta intanet suna yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a yi mata kwafi biyu masu alama dabam, sai a jera wa kowane mai kallo nasa jerin. Fim mai minti 90 da aka yanka daƙiƙa biyu-biyu zai ba da gurabe 2,700. Ka gwada wannan da adadin da muka ambata a sama, za ka ga dalilin da ya sa rage tsawon lamba ya zama abin da masana suka fi sa wa ido.

Malamin da ke sayar da darasin bidiyo a Runjin Sambo ba shi da waɗannan na'urori. Abin da zai iya shi ne ya sa lambar ɗalibi tana bayyana a wurare mabambanta na allo lokaci zuwa lokaci, har da tsakiya inda yankewa za ta ɓata darasin.

An taɓa kama wani da gaske ta wannan hanya?

An taɓa. A 2004 ƙungiyar da ke ba da kyautar Oscar a Amurka ta kori wani mambanta, ɗan wasan fim, bayan an bi alamar da ke jikin kwafin da aka aika masa don ya kalla ya yi zaɓe, aka ga su ne suka bayyana a intanet. Ƙa'idojin da manyan kamfanonin fim na Amurka suka fitar a 2005 sun wajabta wa na'urorin sinima na zamani su dasa lokaci da shaidar wurin nuni a cikin hoto da sauti, don in an ɗauka da kyamara a san a wane zaure kuma yaushe. A 2007 masu sayen waƙa a iTunes, shagon waƙoƙi na kamfanin Apple, suka lura cewa fayilolin da ba a kulle ba suna ɗauke da sunansu da adireshin imel ɗinsu. Har takarda ba ta tsira ba: a 2005 ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta warware ma'anar ƙananan ɗigo masu launin rawaya da wasu injinan buga takarda masu launi ke zubawa a shafi, ta nuna suna ɗauke da kwanan wata da lokaci da lambar injin.

Na bi shaidar, ta nuna wata mai saye. In sa hotonta da lambarta a guruf kowa ya san ta?

Don Allah kada ki yi. Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk cikin jerin nan.

Shaidar ta gaya miki kwafin wa ya fita. Ba ta gaya miki hannun wa ya tura ba. Ki dubi yadda waya take a gidajenmu. Ƙanwa ta ara ta yi kallo, yaro ya ɗauka ya buɗe Xender da abokinsa, an bar ta wurin mai caji tun safe har la'asar, an kai wa mai gyara ya kwashe komai a kwamfutarsa kafin ya yi mata aiki, an sayar da tsohuwa ba a goge ba, ko an fizge ta a kan hanya. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya fitar da littafi mai wayar ba ta sani ba. Ga kuma kuskuren rajista, in kin tura wa wata kwafin wata. Ga haɗin bakin da muka gani a sama, wanda ke iya ƙera lambar mai gaskiya.

Akwai ma abin da masu sayarwa ba sa so a faɗa. Kwafin da ke hannun mai saye, ke ma kina da irinsa, haka duk wanda ke taya ki bugawa ko turawa. In ta ce daga wajenku ya fita, da me za ki ƙaryata ta? Masana sun ɗauki wannan ƙorafi da muhimmanci, har Birgit Pfitzmann da Matthias Schunter suka tsara wata hanya a 1996 wadda mai saye kaɗai ke riƙe da kwafin mai shaida, mai sayarwa bai taɓa ganinsa ba sai in ya fita. Tsarin da ake yi da hannu a WhatsApp ba shi da wannan kariya.

Allah ya hore mu a Suratul Hujurat da mu nisanci yawan zato, kuma mutuncin matar aure ko budurwa da aka yaɗa hotonta da sunan ɓarauniya ba ya dawowa da "a yi haƙuri". Ki same ta ita kaɗai. Ki ce, "Yaya, kwafin da na tura miki na gan shi a waje, ko akwai wanda ya taɓa wayarki?" Sau da yawa daga nan za ki ji hanyar da ya bi. In abin ya sake faruwa da sabon kwafi mai sabuwar shaida, hujjarki ta ƙara ƙarfi, kuma kina da ikon daina sayar mata ba tare da kin tara mata jama'a ba.

Kotu za ta karɓi irin wannan hujja?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1988. Ta shafi ayyukan da ke yawo a intanet, ta ba mai aiki damar neman a sauke abin da aka ɗora ba izininsa, ta kuma hana cire bayanan mallaka da aka dasa a jikin aiki. Haƙƙinka yana tabbata ne da zarar ka rubuta ko ka naɗi aikin, ba sai ka yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista kuma takardarta tana taimakawa. Shari'ar haƙƙin mallaka hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, kuma akwai ta a Sakkwato.

Hujjar da ta fito daga kwamfuta ko waya tana bin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, wanda ke neman bayani kan na'urar da yadda aka samar da hujjar. Saboda haka ka adana asalin aikin, rajistar masu saye da kwanan wata, shaidar biyan kuɗi, da kwafin satar yadda ka same shi. Lamba ita kaɗai da wuya ta gamsar da alƙali, sai an haɗa ta da sauran hujjoji. Ka nemi lauya kafin ka ɗauki mataki.

Wasu na cewa ilimi ba a mallakarsa, don haka tura littafi ba laifi ba ne. Haka ne?

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Akwai malamai da dama da suka saki karatunsu kyauta suka ce a yaɗa, Allah ya saka musu. Wannan zaɓinsu ne a kan abinsu. Wanda ya ce na sayar maka bisa sharaɗin ba za ka tura ba, ka amsa, to alƙawari ya hau kanka.

In rubuta sunan mai saye da lambar wayarsa a kowane shafi?

Gara ka sa lambar da kai kaɗai ka san ma'anarta. In kwafin ya fita, lambar wayar baiwar Allah za ta shiga hannun dubban baƙi, alhali wataƙila ba ita ta fitar ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su. Ka kuma sanar da masu saye tun farko cewa kowane kwafi yana da shaida. Adalci ne, kuma sanarwar kanta tana hana wasu turawa.

Da me zan fara?

Da rajista: suna, ranar biya, da lambar kwafin da aka tura, a rubuta kafin a tura, ba bayan an tura ba. Sannan ka zaɓi gurabenka ka baza su daga farkon aikin zuwa ƙarshe, don sau da yawa rabi ake fitarwa. Kada lambobin masu saye su yi kusa da juna. A bar bambancin gurabe da yawa tsakanin kowane biyu, ta yadda kuskure ɗaya ba zai mayar da lambar wani ta zama ta wani ba. Jerin guraben kada ya zauna a wayar da kake ba mutane.

Kafin ka sayar wa kowa, ka gwada da kanka. Tura kwafi ɗaya zuwa wata waya ta WhatsApp, ɗauki hoton allonsa, wuce da shi ta Xender, sannan ka ba wani amintacce rajistar ka ce ya gano na wane ne ba tare da ka gaya masa ba. In ya kasa, ko ya nuna wani dabam, a koma a ƙara gurabe kafin a saki aikin.